Sawun Kura

Takarda ta zo daga sakatariya,
gurbi huɗu, a cike kafin Laraba:
sunan gari, inda yake, shekarar kafuwa, yawan jama'a.
Mai unguwa ya miƙo mini ita,
wai ai ni ne malamin makaranta.

Sunan ba ya da wuya.
Hau falalen dutsen da ke bayan masallaci,
za ka ga ramuka huɗu da ɗan ƙarami na biyar,
inda ruwan sama ke kwana uku kafin ya ƙafe.
Baba Jatau ya ce kura ce ta taka
tun dutse yana ɗanye.
Ni na ce maniƙar matan dā ce,
suna niƙa dawa suna leƙen hanya.
Har ya rasu ba mu daidaita ba.

Inda yake?
Kudu da Kano, can inda ƙasa ta gaji da kwanciya
ta tashi zaune.
Ka bar kwalta, ka bi jar hanya,
in babur ya fara tari, sauka ka tura.
Gabas akwai tsaunin da ke riƙe mana rana
sai an gama shan koko yake sakinta.
Yamma kwari ne, rake da dankali,
da rafin Gwamma mai fitowa daga gindin ɓaure,
siriri, yaro ma na tsallake shi.
Yana gangarawa ya shiga babban kogi,
mutanen birni su sha shi a famfo
ba su taɓa jin sunansa ba.

Shekarar kafuwa.
Wacce daga ciki?
Akwai daren da kakanni suka hau gudun mahara,
sun ɗaure bakin awaki da igiyar rama,
tsofaffi a goye kamar jarirai.
Ganuwar da suka jera da hannu tana nan,
ta dawo iya gwiwa,
ƙadangaru ne masu gadinta yanzu.

Akwai shekarar da kamfanin kuza ya iso
da ƙararrawa da awon kwano.
Baƙi suka cika gangare, kowa da yarensa,
kakata Tambai ta sayi akwatin ƙarfe
da kuɗin ƙosan da ta soya wa lebura.
Da kuza ta faɗi suka naɗe tantinsu,
suka bar mana rami mai koren ruwa.
Shi ya ci ɗan Cindo ranar wata Asabar.
Ba a wanki a can har yau.

Sai shekarar da hanya ta zo gindin dutse,
gida bayan gida aka sauko,
aka kwance ƙyaure, aka bar kaburbura.
Iya Lantana kaɗai ta ƙi.
Ta ce gwiwarta ta san hawa,
ba wanda ya koya mata sauka.

Yawan jama'a kuwa,
da damina ko da rani?
In masara ta yi goyo mun kai ɗari bakwai.
In an kai amfani rumbu, samari sun watse,
wasu na tura rake a Sabon Gari,
wasu na haƙar yashi a garin da ban san shi ba.
Waɗanda ke kwance a sama fa,
ƙarƙashin duwatsun da muka san na wane da wane,
a sa su ko a bar su?

Kowane gurbi bai fi faɗin babban yatsa ba.
Na rubuta: Sawun Kura.
Na rubuta: kan dutse.
A na uku na sa "ba a sani ba",
mai unguwa ya dangwala yatsa ya hure tawadar.

Da la'asar na hau.
Hayaƙin Iya Lantana na tashi ta bayan ganuwa,
ta ce in na sauka in aiko mata gishiri.
A falalen dutse wata akuya mai ɗingishi
ta kafa baki cikin sawun kura
tana shan ruwan shekaranjiya.